Akwati Lamba Tara

Ranar Litinin da ƙarfe takwas da kwata Mai Awo, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, ta sa safar hannu mai kauri, ta buɗe babban firizan cibiyar binciken ƙwayoyin hanji, ta jawo aljihu na uku, ta tarar wayam a inda akwati lamba tara yake zama. Ta duba aljihu na biyu da na huɗu. Ta ƙirga akwatunan sau biyu. Sannan ta rufe firizan ta je ta gaya wa Likita, shugabar cibiyar, ita kuma ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda.

Saje aka turo. Shekararsa ashirin da shida cikin kaki. Ya bi sawun ɓarayin shanu da na babura da na wayar wuta, amma da Likita ta zaunar da shi a ofishinta ta faɗa masa abin da ya ɓata, sai ya ajiye biro.

"Kashi," in ji shi.

"Bayan gida ne da aka tace. Kwalabe shida. Mu nan saƙo muke ce masa."

"Likita, in dai shi ne, ai kowa da nasa. Wa zai tsallako katanga don ya saci na wani?"

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo takarda ta zana masa hanji kamar igiya a naɗe. Ta ce a cikin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, yawansu ya fi ƙarfin lissafi, kuma galibinsu ma'aikatan jiki ne: su ke taya shi narka abinci, su ke hana mugayen ƙwayoyi samun wurin zama. Aikin cibiyar ke nan, shekara bakwai suna tara bayan gidan mutane suna duba su wa ke zaune a cikin wa, da abin da ke faruwa in sun watse. Ta ce maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda mutane ke kira kafso suna watsawa baki kamar gyaɗa, ba ya tambayar wane ne na gida wane ne baƙo. In aka yi ta sha yakan share hanji kamar gobarar daji, sai wata muguwar ƙwaya guda ta samu fili ta kafa mulki. Abin da suke gwadawa shi ne a ɗebo ƙwayoyin mai lafiya, a tace, a daskarar, a zuba wa marar lafiya a hanji, abin da suke kira dashe.

Saje ya ce wato gona ta ƙone, za a aro iri a gonar maƙwabci. Likita ta ce da haka ɗalibanta ke saurin ganewa da ta huta.

Ta kai shi ɗakin ƙarshe a baranda ta tura ƙofa kaɗan. Wata mata ce kwance, tela ce, uwar 'ya'ya uku. Wata takwas ke nan tana gudawa, tun da aka yi mata aiki aka ɗora ta kan kafso. Duk maganin da aka ba ta sai cutar ta lafa kwana goma ta dawo da ƙarfinta. Saje ya lura an naɗe zoben hannunta da zare don kada ya zame. Ranar Alhamis aka sa za a yi mata dashen, kuma kwalaben nan shida nata ne. Kafin a samu wani mai bayarwa, a auna jininsa da cikinsa, a tara, a jira, a sake auna shi, sai an yi mako shida.

"Tana da mako shidan?"

"Ba ta da uku," in ji Likita a hankali.

A gefen gadon wani mutum na tsaye da kofin ruwa, rigarsa duk maiƙo, kumatunsa na hagu ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a ciki. Ƙanen Tela ne, shi ke kula da janareto da wutar cibiyar, kowa Baƙin Mai yake ce masa. Shi ya ɗauko yayar tasa ya kawo wa Likita da ya ga asibitoci sun gaji da ita. Ya fito ya gaida Saje idonsa a ƙasa. Likita ta ce abin duniya ya haɗe masa, matarsa ma tana wani asibiti tun ranar Alhamis da zazzaɓin taifot. Saje ya tambaye shi kumatun, ya ce haƙori ne, ya kusa wata yana cinsa.

Saje mutum ne da ba ya rabo da katin kafso a aljihu, mai ja da rawaya, don ciwon kai da ciwon baya da ɓacin rai. Ya ɓalle biyu ya miƙa. Baƙin Mai ya mayar da hannayensa baya kamar an miƙo masa kunama.

"Na gode, Yallaɓai. Ba na sha."

Likita ta kalli katin ta tambayi Saje wa ya rubuta masa. Ya ce aljihunsa. Ta ce aljihun nan nasa ya kwantar da mutane da yawa a ɗakin can.

Ya nemi ta faɗa masa sunan mai bayarwar. Ta ce sunansa lamba tara, ta yi wa mutumin alkawari a rubuce za ta ɓoye sunansa, kuma ko kotu sai ta yi da gaske. Saje bai matsa ba. Ya fi son mai riƙon amana a kan mai sakin baki, ko da kuwa zai wahalar da shi.

Ɗakin firizan ba shi da taga. Makullin ƙofa lafiyarsa lau, ba ƙarzane. Mabuɗai uku ne: ɗaya a wurin Likita, ɗaya a wurin Mai Awo, ɗaya a rataye cikin kabad ɗin baranda saboda mai shara da mai gyaran wuta. Firizan yana da 'yar na'ura da ke rubuta duk lokacin da aka buɗe shi. Ta nuna an buɗe ranar Asabar, ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, an rufe bayan daƙiƙa hamsin. Saje ya sa aka ba shi safar, ya gwada da kansa. Akwatuna sun fi ɗari, duk farare, duk girmansu ɗaya, ƙanƙara ta rufe lambobin. Ya yi minti uku yana kankarewa, yatsunsa suka sandare, bai kai aljihu na uku ba. A kan kwalaben kuma ba suna ba kwanan wata, sai wasu layuka baƙaƙe sirara da kwamfuta kaɗai ke karantawa.

Ya tambaya ko wani abu ya ɓata bayan akwatin. Mai Awo ta ce babu. Can ta ce sai dai jakar ƙanƙara biyu daga ƙaramin firiza, irin waɗanda ake sa wa saƙo in za a yi tafiya da shi, amma wannan ba abin kuɗi ba ne. Saje ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Likita tana da wanda take zargi. Mijin Tela, kafinta ne, ya zo ranar Asabar ɗin da safe ya cika baranda da ihu cewa ba za a ɗura wa matarsa ƙazantar wani ƙato ba. Saje ya same shi a shagonsa yana goge ƙofa, garin katako har cikin gashin gira.

"Ka ce ba za a yi ba."

"Na faɗa. Yanzu ma in ka tambaye ni raina bai so."

"Amma ka sa hannu."

"Ita ta ce in sa. Ta ce mini, kai ƙyama kake ji, ni mutuwa nake ji. Me zan ce?"

"Ƙarfe nawa ka bar wurin?"

"Sha ɗaya. Maigadi ya raka ni har titi, ba don girmamawa ba."

"Ina ake ajiye abin?"

Kafinta ya yamutsa fuska ya ce ina zai sani, wataƙila a bokiti a bayan gida.

"An sace shi," in ji Saje.

Kafinta ya ajiye abin gugar. Ya tambaya da wata ƙaramar murya ko ke nan ba za a yi ranar Alhamis ba. Saje ya rufe littafinsa. Mutumin da yake tsammani a bokiti ake ajiyewa ba zai tsamo akwati ɗaya cikin ɗari a daƙiƙa hamsin ba. Kuma mai jin ƙyama in ya samu shiga, zubarwa zai yi ko ya zare wayar firizan, ba zai tsaya neman ƙanƙara ba.

Mai Awo ita ce ta biyu a jerin waɗanda ake zargi. Ta zo aiki ranar Asabar, tana da mabuɗi, ta san aljihun da ido rufe, kuma kowa ya ji ta da Likita suna ɗaga murya ranar Laraba. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta kewaye-kewaye.

"A kan me kuka yi faɗa?"

"Na ce a ɗaga dashen. Ta ce Tela ba ta da lokaci."

"Don me za a ɗaga?"

Ta ce ƙa'ida ita ce a auna mai bayarwa kafin ya fara da bayan ya gama, kuma lamba tara ya fita tas duka biyun. Amma ita don aikin bincikenta ta ɗebi kaɗan daga kowace kwalba ta duba su wa ke ciki. Ƙwayoyin cikin mutum kamar zanen yatsa ne, suna ɗan motsawa da abinci amma gidan ba ya sauyawa. Biyar sun fito iri ɗaya. Ta huɗu, wadda aka karɓa wata Talata, ta fito da kama amma ba daidai ba.

"Kama kamar yaya?"

"Kamar a ce ka ga mutum daga nesa ka kira shi, ya juyo ka ga ɗan gidansu ne."

Likita ta ce mata wataƙila abin da ya ci ne ranar, tunda gwajin mutumin ya fita lafiya. Ita kuma ta bar maganar, amma ranta bai kwanta ba.

"Sai kika ɗauke akwatin don a tilasta ɗagawa."

"Da ni ce, kwalba ɗaya zan ɗauke. Kwamfutata ta san wacce ce ta Talata. Me zan yi da biyar masu kyau?"

Saje ya kalle ta ya ga ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ya duba rajistar ƙofa, ta fita sha biyu saura. Amma ta ba shi abin da ya fi amsa: duk wanda ya kwashe shidan, ko dai shidan yake so, ko kuma ɗaya yake nema bai iya gane ta ba.

Ya tambaye ta ko wani ya yi mata wata tambaya da ta ba ta mamaki a 'yan kwanakin nan. Ta yi tunani ta ce a nan kowa ɗan bincike ne, har maigadi yana da ra'ayi a kan hanji, don Likita na tara ma'aikata duk wata ta yi musu bayani. Ranar Juma'a ma a wurin shan shayi an yi ta musu a kan ko saƙo zai yi kwana nawa a firiza irin na gida. Ta ce musu yakan kai makonni. Ba ta tuna wa ya ta da maganar ba.

Inna mai shara ya samu a bayan ginin tana wanke tsumma. Tsohuwa ce, ta riga kowa zuwa cibiyar, kuma ta ji an ce wai ita ta zubar da akwatin cikin shara. Ta ce masa shekararta bakwai tana kwasar abin da masu digiri ke toshe hanci a kai, ba ta taɓa zubar da ko murfi ba.

"Na yarda, Inna. Nuna mini inda mai bayarwa ke yin nasa."

Ta kai shi wani ɗan banɗaki a lungu, mai ƙofa ta waje da 'yar taga ta ciki. Ƙa'ida ce a nan za a yi, da ƙarfe bakwai na safe, a tura kwalba ta tagar, Mai Awo ta ɗauka daga ciki ba tare da an ga juna ba. Inna kan cika buta ta ajiye sabulu tun shida da rabi ta kau da kanta, ta dawo bakwai da rabi ta wanke.

"Ba ki taɓa ganinsa ba?"

"An ce kada in gani, ɗan nan. Ban gani ba."

"To me kika gani?"

Ta ce abin da ta sani shi ne lamba tara ya ƙarar mata da sabulu. Duk ranar da ya zo sai ta dirje hannun butar, don maiƙo baƙi ƙirin yake bari, wanda ruwa kaɗai ba ya fitarwa. Rana ɗaya ce ta huta.

"Wace rana?"

"Wata Talata. Na dawo na tarar da butata cike kamar yadda na bar ta, ƙasa a bushe, sabulu a bushe. Na leƙa taga na ga an ɗauki saƙo. Na ce ikon Allah, yau kuma aljani ne ya bayar."

"Kin gaya wa wani?"

"Wa ya tambaye ni? Mai shara ake tambaya in abu ya ɓata, ba in abu ya zo ba."

Saje ya gode mata ya zagaya bayan ɗakin janareto. Akwai wani sito a jingine da shi, inda ake jibge kujeru karyayyu da tsofaffin na'urori. A can ƙurya akwai wani tsohon firiza mai murfin sama, an ɗora masa kwalaye. Maigadi ya ce shekara biyu ke nan da mutuwarsa. Saje ya tsaya shiru ya kasa kunne, amma ƙarar janareto ta hana shi jin komai. Sai ya zura hannu ta bayansa. Ƙarfen da ɗumi. Ya bi ƙasa da ido ya ga sabuwar waya baƙa ta bi gindin bango ta shige wani rami zuwa ɗakin janareto.

Bai buɗe ba. Ya sallami maigadi, ya aika a kira masa Baƙin Mai, ya share wata kujera mai ƙafa uku ya jingina ta da bango ya zauna.

Baƙin Mai ya shigo yana goge hannu da tsumma. Idonsa ya je kan firizan kafin ya zo kan Saje. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Yaya haƙorin?"

"Da sauƙi, Yallaɓai."

"Ba sauƙi. Na taɓa yi, na sani. Mutumin da kumatunsa ya kai haka zai sha ko fetur aka ce masa magani ne. Kai na ba ka kafso ka ɓoye hannu. A ginin nan mutum ɗaya ne aka hana shan kafso, mai bayarwa, don kada ya kashe ƙwayoyin da ake nema. Kai ne lamba tara."

Baƙin Mai ya ci gaba da murza tsumman a hannu. Saje ya sauya tambaya.

"Yaya mai ɗakinka?"

"Zazzaɓin ya fara sauka."

"Ranar Talatar nan, nata ka kawo."

Tsumman ya faɗi ƙasa. Baƙin Mai ya durƙusa kamar zai ɗauka, sai ya zauna a wurin bai tashi ba. Da ya fara magana sai ta zo a kakkarye, Saje bai katse shi ba. Ya ce haƙorin ya hana shi cin komai kwana biyu, ranar Talata ya tashi tun asuba ya sha ruwan zafi ya yi tsalle ya yi duk dabara, ciki ya ce babu. A takardar da ya sa wa hannu an rubuta ranaku shida, shi kuma ya ɗauka in ya tsallake ɗaya za a soke komai a koma farko, ga Yaya tana ƙarewa. Sai ya tuna Likita ta taɓa cewa a taron ma'aikata mutanen da ke gida ɗaya suna cin tukunya ɗaya, ƙwayoyin cikinsu kan yi kama. Shekararsu tara da matarsa, kwano ɗaya, randa ɗaya. Ya roƙe ta, ta yi masa dariya, ta yi. Ya naɗe a leda ya zo ya tura ta taga. Ranar lafiyarta ƙalau.

Da aka ce masa taifot ne ke damun matar tasa, sai ya tambayi likitan can ko cutar kan zauna a ciki kafin ta fito fili. Aka ce masa har mako biyu ko uku. Ya ƙirga da yatsu a barandar asibitin, ya ga Talatar nan ta faɗo ciki.

"Me ya hana ka gaya wa Likita?"

"Da wane baki, Yallaɓai? In ce na ɗauko na matata a leda? Kuma na sa hannu cewa nawa ne. Na ce za ta kore ni ta cire Yaya daga layi. Na ce bari in ɗauke ta Talatar kaɗai, a ce ta ɓata. Na buɗe akwatin na ga layuka ne kawai, duk iri ɗaya."

"Sai ka kwashe duka."

"In na bari, ɗaya za ta kashe ta. In na zubar, biyar ne maganinta." Ya share hanci da bayan hannu. "Kwana biyu ina zuwa ina kallonsu, ko Allah zai nuna mini."

Saje ya tashi ya sauke kwalayen ya ɗaga murfin. Hayaƙin sanyi ya taso. Akwati lamba tara na zaune tsakanin jakunkunan ƙanƙara biyu, an lulluɓe shi da sabon tawul, kwalabe shida a daskare kamar dutse. Saje ya saki numfashi mai tsawo.

A ofishin Likita ya rufe ƙofa ya zayyana mata, ita da Mai Awo, Baƙin Mai na tsaye a bango. Ya ce daƙiƙa hamsin ta nuna ɗan gida ne, wanda yake buɗe firizan yana gyara shi. Ƙanƙarar ta nuna ba ɓarna ya zo yi ba, ɓarawon da ke tsoron kayan su lalace mai son kayan ne. Kwasar shida ta nuna ɗaya yake nema bai iya karanta layukan ba, wannan ya fitar da Likita da Mai Awo. Butar Inna ta faɗi wanda ke bayarwa, ta kuma faɗi ranar da ba a yi komai a banɗakin ba. Mai Awo ta ce kwalbar ranar kamar ta ɗan gidan mai bayarwa ce. Matarsa kuwa tana kwance da taifot. Sauran aikin, in ji shi, hannu ne a bayan firiza.

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta juya ga Mai Awo ta ce mata ita ce da gaskiya ranar Laraba. Sannan ta kalli Baƙin Mai.

"Na ce suna kama. Ban ce ɗaya ba ne."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Likita," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Kuma da ka zo ka ce ciki ya ƙi, cewa zan yi ka dawo gobe. Shi ke nan. Gobe."

Baƙin Mai ya rufe fuska da hannu biyu.

Mai Awo ta ɗora kwalaben a gaban kwamfuta ta ware ta Talata cikin minti ɗaya. Likita ta ce tsohon firizan bai kai nasu sanyi ba amma kwana biyu ba komai, sai dai ba za ta taɓa Tela da ko ɗigo ba sai an auna kowace kwalba ita kaɗai, an kuma sake auna shi kansa, tunda gida ɗaya suke da mai cutar. Aka ɗaga dashen zuwa Litinin. Ranar Juma'a sakamako ya fito. Shi tas, biyar ɗin tas. A cikin ta huɗu aka samu ƙwayar taifot.

Likita ta janye ƙara. Ta ce hukuncinsa ita za ta yi, kuma daga ranar ta kafa doka: kowace kwalba sai an auna ta, kuma kowace safiya sai Inna ta sa hannu cewa an taɓa buta. Inna ta ce a shekara bakwai yau aka san tana da ido. Saje ya koma ofis ya rubuta a rahoto cewa kaya sun sauya firiza ba tare da izini ba, an mayar da su, ba a rasa komai ba. Babbansa ya tambaye shi wane irin kaya, ya ce na ciki ne.

Kwana goma sha biyu bayan dashen Saje ya biyo ta cibiyar. Tela na zaune a bakin gado da faranti a cinya, tana yi wa Kafinta faɗa a kan ya kawo mata riga ba a goge ba. Gudawar ta tsaya tun rana ta uku ba ta dawo ba. Kafinta ya kama hannun Saje da hannu biyu, ya ce in ya san mutumin nan da ya bayar, zai yi masa gado da kujeru kyauta. Baƙin Mai na tsaye a ƙofa yana kallon silin. Kumatun yanzu ya kai har ƙarƙashin ido.

Saje ya ja shi waje.

"Likita ta ce ka gama bayarwa. Me kake jira da haƙorin nan?"

"In Yaya ta buƙaci ƙari fa?"

"An yi amfani da biyu, saura uku a firiza. Ni na ƙirga da idona. Hau babur."

Ya kai shi wurin likitan haƙori da kansa, ya zauna a kan benci yana jin gurnaninsa ta bayan labule. Da suka fito Baƙin Mai na riƙe da auduga a baki da takardar magani a hannu, kafso na kwana biyar, an rubuta an sa hannu an buga hatimi. Ya juya takardar yana kallo kamar ba tasa ba. Saje ya laluba aljihu ya zaro nasa katin, saura guda huɗu a jiki. Ya dube shi, ya dubi kwandon shara da ke bakin ƙofa, ya jefa.

Baƙin Mai ya yi wata magana ta cikin audugar.

"Rufe bakinka," in ji Saje. "Ni ma ina da gona a cikina."